Su wa ke hawa tsauni, kuma wa ke ɗauke musu kaya?

Duk shekara in watan Mayu ya kama, sai hotunan tsaunin Everest su cika wayoyinmu. Mutane ne jere a kan wata siririyar hanya ta ƙanƙara, kowa ya rufe fuska, kowa ya riƙe igiya guda, hagu rami dama rami. Maganar mutanenmu a kan hoton kuma ba ta canzawa: Turawa ne kuɗi ya yi musu yawa, sun rasa abin yi, sun tafi neman ajalinsu. Wani ya ce Allah Ya shirya, wani ya ce me aka ajiye a can saman. Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba. Bai yi wa masu hawan adalci ba, kuma abin da ya fi damuna, yana rufe mana ido daga mutanen da suka fi cancanta mu gani a cikin hoton.

Mu da ke zaune a Jos muna ganin mun san tudu, kuma a ma'aunin Nijeriya mun san shi. Garinmu yana kan tsayin da ya kai kusan mita 1,200 daga saman teku, duwatsun Shere sun kai mita 1,829, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu tsaunin da ya kai shi a ƙasar nan, mita 2,419 ne. To sansanin da ake yada zango a gindin Everest ta ɓangaren Nepal, inda ba a ma fara hawan gaske ba, yana kan mita 5,364. Ƙololuwar kuwa, bisa awon da Nepal da Sin suka sanar tare a 2020, mita 8,848.86 ce. Da zarar mutum ya haura mita 8,000, iskar da ke shiga ƙirjinsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da zai samu a bakin teku ba. Kai ya yi ciwo, tunani ya rikice, ruwa na iya taruwa a huhu, ƙwaƙwalwa na iya kumbura, yatsu su daskare har a yanke su. Shi ya sa ake shafe wajen mako shida ana hawa ana saukowa tsakanin sansanoni, don jini ya saba, kafin a tunkari sama. Wanda ya rasa abin yi ba zai jure kwana uku a wannan hali ba.

Su wa ke jurewa? Mutum biyun da suka fara taka ƙololuwar ranar 29 ga Mayu, 1953, babu attajiri a cikinsu. Edmund Hillary mai kiwon zuma ne daga Niyu Zilan. Tenzing Norgay ɗan ƙabilar Sherpa ne, mutanen yankin da aka sani da aikin jagora da dako a tsaunin, wanda ya fara zuwa can a matsayin ɗan dako tun 1935, kuma sai a karo na bakwai ya kai. Hoton da duniya ta sani na wannan rana hoton Tenzing ne, Hillary ya ɗauke shi.

Wadda labarinta ya fi zama a raina ita ce Junko Tabei ta Japan. 'Yar ƙaramar mace ce, tsawonta bai wuce ƙafa biyar ba, matar aure mai goyon 'ya. Da ta ga maza ba sa son tafiya da ita, sai ta kafa ƙungiyar mata masu hawan tsauni a 1969. Da suka shiga neman tallafin zuwa Everest, an sha gaya musu su koma gida su yi renon 'ya'ya. Ta riƙa koyar da kiɗan fiyano tana tara kuɗi, wasu kayan sanyin ma da hannunsu suka ɗinka. Kwana goma sha biyu kafin ta kai sama, ƙanƙara ta zaftaro cikin dare ta binne tantinsu, sai da Sherpa suka tono ta a sume. Ta farfaɗo, ta huta, ta ci gaba, ranar 16 ga Mayu, 1975 ta zama mace ta farko a ƙololuwa. Duk macen da aka taɓa ce mata wannan ba aikinki ba ne, a kasuwa ko a ofis ko a makaranta, ta san abin da ya kai Junko can. A lura da wani abu kuma: ba ita kaɗai ta isa ba, akwai wani Sherpa mai suna Ang Tsering a gefenta. Zan dawo kan wannan.

Bayanta ƙofa ta yi ta buɗewa. Erik Weihenmayer, Ba'amurke makaho, ya hau a 2001 yana bin ƙarar ƙararrawar da na gabansa ke kaɗawa. Mark Inglis ya hau a 2006 da ƙafafun roba guda biyu. Arunima Sinha 'yar wasan ƙwallon raga ce a Indiya, ɓarayi suka jefo ta daga jirgin ƙasa a 2011 aka yanke mata ƙafa, shekara biyu bayan haka tana saman Everest. A wannan shekarar ta 2013 ne Yuichiro Miura ya hau yana da shekara 80, Samina Baig ta Pakistan da Raha Moharrak ta Saudiyya su ma suka hau, kowacce ita ce mace ta farko daga ƙasarta. A 2014 wata yarinya 'yar shekara 13, Malavath Purna, 'yar masu aikin ƙwadago a gona a kudancin Indiya, ta kai sama. Ina da ja a kan kai yaro wurin da babba ke mutuwa, kuma ban ga abin burgewa a ciki ba, domin yaro ba shi ne ya auna haɗarin ba. Amma ko ita ta isa ta nuna cewa maganar Turawa masu kuɗi ba ta riƙe ruwa.

Mu ma 'yan Afirka muna ciki. Sibusiso Vilane, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu ya tashi a Suwazilan, ma'aikacin gandun daji ne, shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya hau a 2003. Saray Khumalo ta Afirka ta Kudu ta gwada a 2014 zaftarewar ƙanƙara ta tsayar da kowa, ta koma a 2015 girgizar ƙasa ta auku, ta koma a 2017 ta juyo daf da ƙarshe, sai a 2019 ta kai, kuma tana amfani da hawan nata wajen tara kuɗin gina ɗakunan karatu ga yara. James Kagambi, tsohon malamin makaranta daga Kenya, ya hau a 2022 yana da shekara 62.

Babu dalili guda da ya haɗa waɗannan mutane. Wani yana son ya gwada wa kansa cewa nakasa ba kasawa ba ce, wata tana son a daina raina mata, wani ilimin ƙanƙara da yanayi ya kai shi, wani soja ne da ya saba da wahala, wani kuwa son dutsen ne kawai, kamar yadda wani ke son doki ko farauta. Akwai masu neman suna, ba na musu. Amma neman suna ba a tsauni ya fara ba.

Wani dattijo da nake girmamawa, wanda ya yi aikin kuza a zamaninsa, ya taɓa tare ni da hujjar da ta fi kowace ƙarfi. Ya ce, “Ɗana, rai amana ne. An hana mu jefa kanmu cikin halaka. Wanda ya je ya mutu a ƙanƙara ya bar marayu, me zai ce?” Na ce, “Gaskiya ne, Baba.” Har yanzu ina ganin gaskiya ne, kuma duk mai iyali da ke shirin irin wannan tafiya ya kamata tambayar ta hana shi barci. Inda na tsaya shi ne, akwai bambanci tsakanin wanda ya yi shekaru yana koyo, ya san lokacin juyawa, da wanda ya rufe ido ya afka. Saray Khumalo ta juyo tana hangen ƙololuwa, shi ya sa ta rayu ta koma. Mu ma ba baƙin hawa ba ne. Duk wanda ya je Makka ya ga tsofaffin matanmu suna jan ƙafa zuwa kogon Hira, ba don an wajabta musu ba. Maƙwabtanmu Kirista suna kwana a kan duwatsu suna addu'a a cikin sanyin Disamba. Mutum ya sha wahalar hawa don wani abu da ke zuciyarsa, wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu.

Sai dai duk waɗanda na ambata, in ka cire Tenzing da Ang Tsering, da zaɓinsu suka je. Akwai wani rukuni da ya fi su yawa a kan tsaunin, wanda abinci ya kai su. Su ne ainihin dalilin wannan rubutu.

Tsakanin sansanin gindi da sansani na farko akwai wani wuri da ake kira Khumbu, inda kogin ƙanƙara ke gangarowa yana tsattsagewa. Ƙanƙarar tana motsi kullum, ramuka na buɗewa, gungumen da ya kai girman bene na iya faɗowa ba sallama. Kafin baƙo ya taka wurin, sai wasu 'yan Nepal sun shiga sun ɗaura igiyoyi, sun shimfiɗa tsani a kan ramuka. Bayan haka wasu su yi ta kai da kawo da tantuna, da abinci, da tukwanen iskar oksijin. Baƙon da ya biya kuɗi yana ratsa wurin sau kaɗan, da 'yar jakarsa. Su kuwa suna ratsa shi ninkin-ba-ninkin haka, da kaya a baya. Ranar 18 ga Afrilu, 2014, ƙanƙara ta zubo a wurin da sassafe ta kashe mutum 16. Dukkansu 'yan Nepal ne masu aiki, babu baƙo ko ɗaya. Abin da gwamnati ta fara miƙa wa kowane gida shi ne rufi 40,000, kimanin dala 400. Sauran Sherpa suka fusata suka ajiye aiki, kuma da suka ajiye, hawa ta wannan ɓangare ya kusan tsayawa cak a shekarar. Ranar ce duniya ta gane wa ke riƙe da tsaunin. Hausawa sun daɗe da faɗa: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Takardar izinin Nepal kaɗai dala 11,000 ce shekara da shekaru, aka ɗaga ta zuwa dala 15,000 daga Satumban 2025. In aka haɗa da kuɗin kamfanin da ke shirya tafiyar, mutum na kashe dubban daloli gommai, wasu har sama da dala 100,000. Abin da ke isa hannun mai ɗaukar kayan ɗan ƙaramin yanki ne na wannan, ko da yake a ƙauyensa kuɗi ne mai auki, kuma shi ya sa yake komawa. Kami Rita Sherpa ya taka ƙololuwar sau 31 zuwa Mayun 2025, babu wanda ya kai shi a duniya, kuma yawanci a bakin aiki ya yi su, yana jan wasu. Lhakpa Sherpa, macen da ta hau sau goma, ta yi shekaru tana wanke-wanke a wani kanti a Amurka don ta ciyar da 'ya'yanta. Mutum nawa cikin masu tura hotunan nan suka taɓa jin sunanta?

Abin da ya faru a tsaunin K2 na Pakistan, mai tsayin mita 8,611, ya fi wannan ciwo. Ranar 27 ga Yuli, 2023, wani ɗan dako mai suna Muhammad Hassan, ɗan shekara 27, uban yara uku, ya zame a wani matsattsen wuri daf da sama. Ba shi da kayan sanyin da ya dace da wannan tsayi. Wasu sun tsaya sun yi ƙoƙarin taimakonsa, kuma masana sun ce sauko da mutum daga wurin abu ne mai matuƙar wuya. Amma hoton bidiyo ya nuna mutane suna tsallake shi suna wucewa sama, yana kwance. A nan ya cika. Ba zan zauna a ɗakina a Jos in yanke wa wanda ke numfashi da ƙyar hukunci ba. Tambayata tana gaban wannan: wa ya ɗauke shi aiki ya tura shi can ba tare da kaya ba? Da baƙo ne mai biyan kuɗi, da an bar shi ya bar sansani a haka? Amsar nan kowa ya san ta.

Haka a 2024, da Joshua Cheruiyot Kirui, ma'aikacin banki ɗan Kenya, ya rasu kusa da ƙololuwar Everest yana ƙoƙarin hawa ba tare da tukunyar iska ba, Afirka ta yi jimami, kuma ya cancanta, domin gogagge ne da ya yi shiri. Amma ba shi kaɗai ba ne. Jagoransa, Nawang Sherpa, ya ɓace tare da shi. A yawancin labaran da na karanta, sunan Nawang a layin ƙarshe yake. Mu da muka sha kukan cewa ana mance da baƙar fata a tarihi, bai kamata mu yi wa wani irin abin da muke kuka da shi ba.

Kada kuma a ɗauka 'yan Nepal kaya kawai suka iya ɗauka. K2 ya gagari kowa a lokacin hunturu shekara da shekaru, manyan gwanayen Turai sun gwada sun kasa. Ranar 16 ga Janairu, 2021, 'yan Nepal goma suka hau shi. Da suka zo daf da sama sai na gaba suka jira na baya, suka taka tare suna rera taken ƙasarsu.

Akwai rukuni na uku, kuma su ne kaɗai nake ganin zargin mutanenmu ya ɗan shafa: wanda bai taɓa hawa wani babban tsauni ba, bai iya ɗaura wa kansa ƙarafan takalmi ba, amma yana da kuɗin da zai sa a ja shi. Irin wannan ba kansa kaɗai yake jefawa a haɗari ba. Yana tafiyar hawainiya a kan igiya guda, na bayansa suna tsaye iskarsu na ƙarewa, in ya faɗi kuma Sherpa ne zai sa ransa ya sauko da shi. A 2019, shekarar da aka ɗauki shahararren hoton layin nan, Nepal ta ba da izini 381, mutum 11 suka mutu a tsaunin. A 2023 izinin ya kai 478. Nepal ƙasa ce matalauciya, tana bukatar kuɗin, ban ga laifinta ba a kan nema. Amma ƙara farashi ba ya tace gwani daga ɗan koyo, mai kuɗi kawai yake tacewa daga talaka. Da kuɗi ne ma'auni tun farko, da ma'aikacin gandun daji da malamin makaranta ba su leƙa wurin ba. Ma'aunin da ya dace shi ne a tambayi mutum wane tsauni ya hau a baya, kuma a tilasta wa kamfani inshora mai ƙwari da cikakkun kaya ga duk wanda ya ɗauka aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da ba mu da ƙanƙara. Ruwanmu shi ne abin ya iso mu. A 'yan shekarun nan hawan dutse ya zama abin yayi a Jos da Abuja. Ka bi hanyar Lamingo da safiyar Asabar ka gani: ɗalibai, ma'aikatan banki, 'yan hidimar ƙasa, likitoci, mata da hijabi da takalmin kambas, dattijon da likita ya ce ya rage tumbi, baƙi daga Legas da suka zo shan sanyi. Makarantar horar da shugabanci da ke Shere ta daɗe tana hawa da matasa waɗannan duwatsu, amma yanzu abin ya fita daga hannun hukuma ya shiga hannun jama'a. Ina murna da haka ƙwarai. A garin da aka sha raba mu unguwa-unguwa, ka ga Musa ya miƙa wa Dung hannu ya jawo shi kan dutse, ba ƙaramin abu ba ne.

To amma na ga wani abu da idona a irin wannan fita, kuma ya tsaya mini a rai. Wani yaro daga ƙauyen gindin dutsen, bai wuce shekara goma sha biyar ba, shi ke nuna hanya. Silifas ne a ƙafarsa, ɗaya an ɗaure da waya. An ɗora masa kular ruwa da lemo a ka, yana tsallake duwatsun da masu takalman dubban nairori ke rarrafe a kai. Shi ya san inda dutse ke da santsi, shi ya ce kada a sa hannu a wani rami. Da aka kai sama aka jeru za a ɗauki hoto, sai aka miƙa masa waya aka ce, “Yaro, ɗauke mu.” Da aka sauko aka shiga lalube aljihu, wani ya ce a ba shi na ruwa. Ya ce, “Yallaɓai, a ƙara mini,” aka ce ai ba a yi ciniki ba. Ko ɗan dakon kasuwar Farin Gada ba ya ɗaga buhun dankali sai an yanke masa kuɗinsa. Wannan yaron ya yi wuni yana tsaron lafiyar mutum ashirin, ya tafi da abin da bai kai kuɗin lemon da ya ɗauko ba, kuma babu wanda ya tambayi sunansa.

'Yan Nijeriya sun fara zuwa Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, inda doka ta hana hawa ba tare da jagora ba, kuma kowane baƙo akwai mutane da dama a bayansa ɗauke da tanti da tukunya. A can an ƙayyade kayan ɗan dako kada ya wuce kilo 20, ana auna shi a bakin ƙofa, kuma ba a samu wannan ba sai da aka yi ta fafutuka. Wanda zai je daga nan, ya tambayi kamfanin nawa yake biyan 'yan dakonsa, sau nawa suke cin abinci a rana, a ina suke kwana. In amsar ba ta fito ba, ya nemi wani kamfanin, ko da ya fi tsada. Masu zuwa Chappal Waddi ta gandun dajin Gashaka Gumti su ma da ma'aikatan gandun da mutanen ƙauyukan wurin suke dogara, tafiyar kwanaki ce a daji, kuma hakkin iri ɗaya ne.

A nan gida kuwa, ƙungiyoyin da ke shirya fitar Asabar suna karɓar kuɗin mota da na riga da na abinci daga kowa. Su sa kuɗin jagora a cikin lissafin tun farko, a faɗa masa adadin kafin a ɗaga ƙafa, a biya shi a gaban mutane. Kada a ɗora wa yaro kayan da babba ya ƙi ɗauka, wanda ya kawo kula ya raba ruwan a jakunkuna kowa ya goya nasa. In ƙungiya tana komawa wuri guda duk wata, takalmi ƙafa ɗaya ga mai nuna mata hanya bai fi ƙarfinta ba. A je a gaida mai unguwar ƙauyen kafin a hau, domin wasu duwatsun suna da wuraren da mutanen wurin ba sa son a taka, kuma gonakinsu ake ratsawa. In aka zo ɗaukar hoto a sama, a kira shi ya shiga, a rubuta sunansa tare da na kowa.